Man kanumfari da ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani: ina gaskiya, ina talla?

 Ina gaida masu bibiyarmu daga Yelwa, Wara, Birnin Yauri, Shanga, Dugu, da 'yan uwanmu na gungu da tungayen bakin ruwa waɗanda sai sun hau tudu kafin sabis ya kama. Kamar kullum, ga rubutaccen shirin domin wanda datarsa ba za ta ɗauki sauti ba.

Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku kwanan nan ita ce ta wani talla da ke yawo a TikTok da WhatsApp. Ana nuna 'yar kwalba ta man kanumfari ko man ganyen turare, abin da 'yan kasuwar intanet ke kira esenshal oyil, ana cewa yana kashe ƙwayoyin cutar da suka gagari maganin asibiti. Wasu na cewa a ɗiga a ruwa a goge gida, wasu a shafa a ciwo, wasu har a sha. To gaskiya ne ko damfara?

Amsata a taƙaice: akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin masana kimiyya sun daɗe suna bincike a kai kuma sun ga abin a zo a gani. Amma tsakanin abin da suka gani da abin da mai talla yake faɗa akwai tafiya mai nisa, kuma a cikin wannan tazarar ne mutum zai iya rasa ƙafarsa ko ɗansa. Ku biyo ni a hankali.

Mene ne bijire wa magani?

Bakteriya halittu ne ƙanana da ido ba ya gani. Wasu suna zaune a jikinmu lafiya lau, wasu su ne ke kawo taifod, kwalara, ciwon huhu, ciwon mafitsara da ruɓewar rauni. Maganin da ke kashe su a cikin jiki shi ne antibayotik, irin su amfikulos, amoksil, sifiro, da ja da yalo da kowa ya sani.

Duk lokacin da mutum ya sha antibayotik, ƙwayoyin da ba su da ƙarfi su ne ke fara mutuwa. Idan a cikinsu akwai 'yan kaɗan da suka dace da wata dabarar kare kai, su ne za su rage, su hayayyafa, har su miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan dabarar. Gobe idan aka kawo wannan maganin, ba zai yi musu komai ba. A lura, ba jikin mutum ne ya saba da magani ba kamar yadda muke faɗa. Ƙwayar cutar ce ta canza, kuma tana iya tashi daga jikinka ta koma jikin wanda bai taɓa shan maganin ba.

Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, shi da kansa ya yi gargaɗi a jawabin karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. A 1961 aka ba da rahoton wata ƙwaya a Ingila da ake kira MRSA. Wani nau'i ne na Staphylococcus aureus, wato sitaf ɗin nan da masu magani a mota ke kira da lasifika, wanda ya daina jin manyan magungunan dangin fenisilin.

Yau abin ya kai inda ya kai. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyi masu bijire wa magani, kuma matsalar tana da hannu a mutuwar kusan miliyan 4.95. Wannan ya fi waɗanda maleriya ta kashe a shekarar. Yankin da ya fi kowane yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma, da kimanin mutum 27 a cikin kowane 100,000. Hukumar NCDC ta jagoranci fitar da tsarin ƙasa na yaƙi da matsalar a 2017, aka sabunta shi a 2024.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu ma muna kiwon matsalar. Mutum zai shiga kemis ya ce a haɗa masa na ɗari biyar, a ba shi kafso uku ya sha kwana ɗaya. Mura ta kama yaro, a ɗura masa antibayotik, alhali mura bairos ke kawo ta, maganin ba ya taɓa shi. Mai kaji da mai kiwon tarwaɗa suna zuba magani a ruwa ko ba ciwo, makiyayi na yi wa saniya allura da ka. Ragowar duk wannan, da bayan gidan da ake yi a fili, ruwan sama ne ke kwashe su zuwa kogi. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka tashi kimanin mutum 44,000 zuwa sababbin matsugunai, rayuwarmu a bakin tafkin nan take. A nan ake su, a nan ake wanka da wanki, a nan ake shayar da dabbobi da ban ruwan albasa, wasu ƙauyukan kuma shi suke sha. Abin da ya shiga ruwan nan ya shiga gidan kowa.

Wane mai ake magana a kai?

Nan ne ruɗani na farko. Ba kowane mai da aka samu daga tsiro ne ake nufi ba. Man gyaɗa, man ja, man kaɗe, man darbejiya, man zaitun, duk matse su ake yi, kuma maiƙo ne da su. Ka ɗiga a takarda, tabon zai zauna. Man habbatus sauda da ake sayarwa ma yawancinsa matsattse ne.

Wanda muke magana a kai shi ne sinadarin da ke ba tsiro ƙamshinsa. Idan ka murza ganyen ɗaɗɗoya ko ka matsa ɓawon lemo ka ji ƙamshi ya bugi hancinka, to shi ne. Tsiro yana yin sa ne domin kare kansa daga ƙwari da cuta. Ana fitar da shi ta hanyar tururi: a turara ganye a rufaffiyar tukunya, tururin ya ɗauki man ya bi ta bututu, a sanyaya shi ya koma ruwa, man ya ware daban a kwashe. Ba sabon ilimi ba ne. Al-Kindi, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, ya rubuta littafi kan haɗa turare da wannan hanyar tacewa. Zan riƙa kiran sa man ƙamshi.

Abin da ake samu kaɗan ne ƙwarai. A yawancin ganyaye, kilo 100 ba ya ba da fiye da kilo ɗaya ko biyu na mai. Kanumfari ne mai albarka, yana ba da kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Wannan ya nuna mana abu biyu. Na ɗaya, man ƙamshi na gaske yana da ƙarfi sosai, ɗigo kaɗan ya tattara abin da ke cikin tarin ganye. Na biyu, ruwan kanumfarin da aka jiƙa a kofi da man kanumfari ba abu ɗaya ba ne, ko kusa. Duk binciken da aka yi a kan man, ba za ka ɗauke shi ka ɗora wa jiƙon ba.

Abin da masana suka tabbatar

Kowane mai da sinadarin da ke masa aiki. Na kanumfari sunansa yujinol, shi ne kaso mafi yawa na man. Na tayim, wannan da ake sa wa a girki tare da kori, sunansa taimol. Kirfa da nata, ganyen turare da nasa, na'ana'a da nata. Ɗaɗɗoyarmu kuwa wani irin yana ɗauke da taimol, wani irin yujinol.

Yadda suke aiki da sauƙin ganewa. Kowace ƙwayar bakteriya tana lulluɓe da wani siririn tantani mai maiƙo, shi ke riƙe kayan cikinta. Waɗannan sinadarai suna son maiƙo, sai su kutsa cikin tantanin su sassauta shi. Kayan ciki su fara yoyo, ƙwayar ta rasa ƙarfi ta mutu. Kamar jirgin ruwa ne da katakonsa ya buɗe ta ko'ina.

Antibayotik kuwa yawanci wuri ɗaya yake nufa a jikin ƙwayar, kamar makulli da kwaɗo. Ƙwaya ta canza kwaɗon, makulli ya tashi aiki. Shi ya sa MRSA da ta gagari fenisilin take mutuwa idan aka zuba mata taimol ko yujinol a farantin ɗakin gwaji: canza kwaɗo ba ya hana a fasa bango. An maimaita irin wannan gwaji a ƙasashe da yawa, har da jami'o'in Najeriya. A Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, Farfesa Lara Orafidiya da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2001 kan haɗa maganin shafawa daga man ɗaɗɗoya, kuma sun nuna cewa irin abin da aka cakuɗa man da shi yana canza ƙarfinsa sosai.

Akwai ma inda abin ya fita daga ɗakin gwaji ya shiga kasuwa. Ruwan kurkure baki na Listerine, wanda aka haɗa tun 1879, taimol da sinadarin ganyen turare da mentol na cikin abin da ke masa aiki. Likitocin haƙori sun daɗe suna amfani da yujinol a cikin abin cike haƙori na wucin gadi. A Amurka, hukumar kare muhalli ta yi wa wasu ruwan goge wuri masu taimol rajista, har sun shiga jerin waɗanda ta amince da su lokacin korona. Masu binciken kifi kuma suna sa man kanumfari kaɗan a ruwa domin kifi ya yi laushi a auna shi ko a ɗauke shi.

Har nan mai talla bai yi ƙarya ba. Ga abin da ba ya faɗa.

Abin da tallan ya ɓoye

Na farko, kuma shi ne mafi muhimmanci a duk shirin nan: ƙwayar da ta bijire wa antibayotik ba ta bijire wa bilic ba. MRSA a kan tebur tana mutuwa da ruwan kulorin ko sanitaiza kamar yadda 'yar uwarta marar taurin kai take mutuwa, domin su ma fasa bango suke yi. Sabulu da ruwa kuma suna wanke ta su tafi da ita. Wahalar ƙwayoyin nan tana cikin jiki ne, a jini ko huhu ko ƙashi, inda ba za ka zuba bilic ba, kuma ba za ka zuba man kanumfari ba. Ka ga ke nan, a kan tebur muna da abin kashe su mai araha tun tuni. A cikin jiki kuma man ƙamshi bai zama magani ba. Mai talla yana ɗauko tsoron da ke cikin jiki ya sayar maka da abin goge tebur.

Na biyu, gwaji a faranti daban, gwaji a jikin mutane daban. Man da aka fi gwadawa a asibiti shi ne na wata bishiyar Ostireliya da ake kira ti tiri. A 2004 aka wallafa wani gwaji da aka yi a Ingila kan marasa lafiya 224 da ke ɗauke da MRSA a fata ko hanci. Waɗanda aka yi wa amfani da kayan ti tiri, kashi 41 cikin 100 suka rabu da ƙwayar. Waɗanda aka ba maganin asibiti na yau da kullum, kashi 49. A fata man ya yi rawar gani, amma a cikin hanci maganin asibiti ya yi masa nisa, kashi 78 da kashi 47. A 2013 wani gwajin a Belfas, a sashen masu tsananin ciwo, ya kwatanta sabulun wanka mai kashi 5 na man da sabulun jarirai, bai ga wani bambancin kirki ba wajen hana kamuwa da ƙwayar. Kuma ku lura, duk wannan maganar share ƙwaya ce daga saman fata. Ba a warkar da mai ciwon jini da shi ba.

Na uku, kashe wasu ba shi ne tsabtacewa ba. A ƙa'idar Turai, kafin a kira abu maganin kashe bakteriya a kan kaya, sai ya kashe kashi 99.999 cikin 100 a cikin 'yan mintuna, yawanci biyar, kuma a gwada shi da datti a wurin. Wato a cikin miliyan ɗaya, goma kacal za su rage. A ce wani haɗi ya kashe kashi 90, ka ji kamar ya yi ƙoƙari ko? To saura 100,000. Akwai bakteriyar da ke ninka kanta duk minti 20 idan ta samu ɗumi da abinci. A zafin Yauri, a kan tebur mai jinin kifi, kafin awa ɗaya da rabi sun koma yadda suke har sun wuce.

Na huɗu, mai ba ya haɗuwa da ruwa. Ka ɗiga biyar a bokiti, za su ware daban su yi ta yawo. Ɗakin zai yi ƙamshi, amma ruwan da tsummanka ya ɗebo kusan ruwa ne zalla. Kamfanonin da ke yin na gaske sai sun haɗa da wasu sinadarai da ke riƙe man a cikin ruwa, sun auna, sun gwada. Ga shi kuma yana bin iska da sauri, zafi da hasken rana suna lalata shi. Ƙamshi ba shaidar tsabta ba ne. Haka turaren wuta, yana gyara ɗaki amma ba ya kashe abin da ke kan katifa.

Na biyar, ba kowace ƙwaya yake iyawa da ita ba. Akwai masu riga biyu, da wani abu kamar famfo da ke fitar da guba waje. Babbarsu ita ce Pseudomonas aeruginosa, mai son damshi, mai addabar masu ƙuna da tsofaffin raunuka, kuma tana cikin jerin ƙwayoyi masu haɗari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017 ta sabunta a 2024. Ita ce ta fi jure wa yawancin man ƙamshi. Wasu ƙwayoyin kuma, irin mai kawo titanus, suna shiga wani ƙwanso mai tauri da man ba ya fasawa. Sannan ga yauƙin nan da kake ji a cikin jarka ko randar da ta daɗe ba a wanke ba. Gari ne guda na bakteriya da suka yi wa kansu rufi, sai an dirje shi kafin kowane irin magani ya kai gare su.

Na shida, kwalba biyu ba sa zama ɗaya. Ɗaɗɗoyar da aka shuka a Shanga da wadda aka shuka a Ile-Ife za su iya bambanta a sinadari saboda iri, ƙasa da lokacin yanka. Da yawa daga abin da ke kasuwa kuma turare ne na haɗi, ko an tsinka shi da wani mai. Idan ka ga kwalba babba da arha, ba sunan tsiron a kimiyyance, ba lambar NAFDAC, to Allah kaɗai ya san abin da ke ciki.

"Ai na gargajiya ne, ba ya illa"

Wannan maganar ce ta fi ba ni tsoro. Tunda man a tattare yake, gubarsa ma a tattare take. Likitoci sun rubuta rahotannin ƙananan yara da hantarsu ta lalace bayan shan abin da bai wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu na man kanumfari ba. Man ganyen turare, ɗan kaɗan yana iya sa yaro jijjiga ko suma. Kafur ma haka. Idan aka shafa irin waɗannan man zallansu a fata suna ƙonawa, balle a ido ko al'aura.

'Yan uwana mata, ina roƙonku a kan maganar sanyi. Ƙaiƙayi ko fitar ruwa yana da dalilai daban-daban, kowanne da maganinsa, wani ma sai an haɗa da maigida a yi maganin tare. Matsi da man kanumfari yana ƙona wurin, yana kuma kashe bakteriya masu amfani da ke tsaron wurin. A je a yi gwaji. Batun sitaf kuma, kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hanci ko fata ba tare da wani ciwo ba. Ganin sunanta a takardar gwaji kaɗai ba dalili ba ne na shan jarkar magani, likita ne zai duba ya ce ko ita ce ke kawo ciwon.

Idan yaro ya sha irin wannan man, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A ɗauki kwalbar a tafi asibiti nan take.

To me za mu yi a nan bakin ruwa?

Masu sayar da kifi, masu banda da mahauta: a fara kankare tebur da wuƙa, a wanke da sabulu da ruwa, domin datti yana cinye ƙarfin kowane maganin tsabta. Sannan a kawo bilic. Irin su Hypo da Jik yawanci ƙarfinsu kashi 3.5 ne, amma a duba jikin roba. Babban cokali biyu a lita ɗaya ta ruwa, wato ruwan leda biyu, ya isa goge tebur. A bar shi ya jiƙa na minti biyar zuwa goma, a ɗauraye, a bar shi ya bushe a rana. Inda jini ya zuba da yawa, awo ɗaya na bilic a awo shida na ruwa. A riƙa haɗa sabo kullum, kuma kada a gauraya bilic da wani sinadarin wanki, yana tayar da iska mai guba.

Masunta: idan ƙayar kurungu ko ƙugiya ta soke ka, ka fito daga ruwa, ka wanke wurin sosai da ruwa mai tsabta da sabulu, ka cire abin da ya maƙale, a sa aidin a rufe, a nemi allurar titanus. A ruwan kogi da tafki akwai wata ƙwaya mai suna Aeromonas da ke shiga rauni ta ci nama da sauri, kuma a ɗabi'arta yawanci ba ta jin amfisilin. Ke nan amfikulos ɗin da ka saya a kemis zai iya zama asarar kuɗi da asarar lokaci. Ka ga kumburi na ƙaruwa, ja na yaɗuwa, mugunya ko zazzaɓi, kada ka kwana, ka tafi asibiti ka gaya musu a ruwa ka ji ciwon.

Lokacin kwalara: ba mu manta 2021 ba, shekarar da NCDC ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Kebbi na cikin jihohin da abin ya taɓa. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar kulorin bisa umarnin da ke jikin takarda. Ƙasa da kayan da majiyyaci ya taɓa, babban cokali huɗu na bilic a lita ɗaya. Majiyyaci a fara ba shi ruwan gishiri da sukari a kan hanyar asibiti. Babu man ƙamshin da ke tsabtace ruwan sha.

Masu jego: kada a sa wa cibiyar jariri man zafi, man kanumfari, toka ko man goge baki. Akwai man kulohekzidin na kashi 4 da gwamnati ta amince da shi domin cibiya, kuma maƙwabciyarmu Sakkwato na cikin jihohin farko da suka fara raba shi a 2013. A cibiya kaɗai ake shafa shi, kada ya kusanci ido.

Ga kowa da kowa: wanke hannu da sabulu bayan bayan gida da kafin cin abinci. Kada a sha antibayotik sai ma'aikacin lafiya ya rubuta, a sha yadda ya ce, kada a raba da wani. Duk ciwon da aka hana faruwa, kafso ne da ba a sha ba, kuma dama ce da ƙwayar cuta ba ta samu ta koyon dabara ba.

Mai son ƙamshin kanumfari a shayinsa ko ɗaɗɗoya a miyarsa, bismillah, abinci ne mai kyau. Mai son ɗiga man ƙamshi a ruwan goge ɗaki domin ƙamshi, ba laifi, bayan an gama tsabtacewa ta gaske, kuma a ajiye kwalbar inda yaro ba zai kai ba.

Inda damar take ga matasa

Ban zo in rufe ƙofar bincike ba. Tun da Tarayyar Turai ta hana sa wa dabbobi antibayotik domin ƙiba a 2006, masana ke gwada man tsirrai a abincin kaji da kifi, da wajen adana abinci. Mu da muke da kifi, albasa da zafin da ke lalata kaya, wannan fagen namu ne. Muna da jami'a a Aliero, da ta tarayya a Birnin Kebbi, da ta noma a Zuru, ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa can ƙasan tafki. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta a kundin kammala karatu, ga tambayoyi a ƙofar gida. Waɗanne ƙwayoyi ne ke kan teburan kasuwar kifi ta Yauri, kuma wane magani suka daina ji? Wane sinadari ne ya fi yawa a ɗaɗɗoyar yankinmu? Idan aka haɗa man da sabulu, nawa yake kashewa a minti biyar a kan katako mai jini, idan aka kwatanta da bilic? Sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba, a rubuta shi yadda yake. Mai son yin kasuwanci da shi kuma ya bi ta gwaji da rajistar NAFDAC, kada ya yi alƙawarin warkar da abin da bai gwada ba.

Sannan akwai aikin da ya fi wannan gaggawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken wurin wanke hannu da ruwa da sabulu ko sanitaiza. Ina ba ƙungiyoyin matasa na Yauri, Ngaski da Shanga shawara, kowace ta ziyarci ƙaramin asibitin mazaɓarta cikin ladabi ta duba abu huɗu: akwai ruwa, akwai sabulu a ɗakin haihuwa, akwai bilic, akwai bayan gida mai aiki? A rubuta, a kai wa kwamitin ci gaban mazaɓa da kansila da shugaban ƙaramar hukuma, a sa ranar komawa. Duk shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba ake makon wayar da kai kan bijire wa magani a duniya, lokaci ne mai kyau na gabatar da abin da aka tattara.

Idan wani ya sake turo muku bidiyon 'yar kwalbar nan, ku yi masa tambaya uku: a faranti aka gwada ko a jikin mutane, kashi nawa ya kashe a minti nawa, kuma ya fi bilic na naira kaɗan? Ku tura wa masunta da masu jego na gidanku wannan rubutu, wanda ba ya karatu a karanta masa. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa, musamman masu kiwon kifi da kaji, domin shiri na gaba a kan magungunan da ake zuba wa dabbobi ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare masu shiga ruwa. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.